Tukunyar Shinkafa ta Lantarki: Kafin a Saya da Bayan an Saya

Masu sauraronmu, wannan shirinmu ne na harkokin gida. Maigida, kai ma kada ka murɗa akwatin. Kuɗin sayen daga aljihunka zai fito, kuɗin wutar ma kai ne mai biya.

Yau a kan tukunyar dafa shinkafa ta lantarki za mu yi magana, wadda 'yan kasuwa ke kira rais-kuka. Gidaje da yawa suna da ita. Ta zo cikin kayan ɗaki, aka ɗora ta a kan kabat, har yau tana cikin kwalinta. Wasu kuma sun gwada sau ɗaya, shinkafa ta caɓe, ko ta fito da gari-gari a ciki, suka ce ai kayan banza ne. To ba kayan banza ba ne. Akwai abu ɗaya da ba a gaya musu ba, kuma da shi za mu fara. Bayan nan sai mu shiga kasuwa, mu ga wacce za a saya. Daga kasuwa mu dawo kicin.

Ga abin nan ɗaya. Wannan tukunya ba ta san shinkafa ba. Ruwa kawai ta sani. Bari in maimaita. Ba ta san shinkafa ba, ruwa kawai ta sani.

Ga dalili. Ruwa yana tafasa ne idan zafinsa ya kai digiri 100. Muddin akwai sauran ruwa a tukunya, zafin ba zai wuce nan ba, komai ƙarfin wutar da ke ƙasa. Ruwan sai dai ya yi ta zama tururi. Amma da zarar shinkafa ta tsotse ruwan, gindin tukunya ya bushe, sai zafi ya fara haurawa sama da 100. A wannan lokacin ne tukunyar take gane cewa aiki ya ƙare.

Ta yaya take ganewa? Uwargida, ki ɗaga tukunyar ciki, ki leƙa. Za ki ga faranti na ƙarfe, shi ne mai ɗaukar zafi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan abu zagayayye, idan kika danna shi da yatsa sai ya lotsa ya dawo. A cikinsa akwai maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Idan kika danna madannin dafawa, mayen ƙarfen nan ne ke riƙe shi. An yi shi ta yadda idan zafi ya ɗan wuce na tafasar ruwa, sai riƙon ya saki. Sai ki ji ƙas! Madanni ya tashi. Fitilar da aka rubuta wa Cook, wato dafawa, ta mutu. Wadda aka rubuta wa Warm, wato ɗumamawa, ta kama.

Kun ga ke nan ba ta ɗanɗana shinkafa, ba ta taɓa ƙwayarta ta ji ko ta yi laushi. Idan kin sa ruwa kaɗan, za ta tsaya da wuri, ko shinkafa ta nuna ko ba ta nuna ba. Idan kin cika ruwa, za ta yi ta dafawa har sai ruwan ya ƙare, ko da shinkafa ta koma tuwo. Ruwa kawai ta sani.

Dabarar daga ƙasar Japan ta fito. A shekarar 1955 kamfanin Toshiba ya fara sayar da tukunyar shinkafa mai kashe kanta. Wanda ya ƙera ta sunansa Yoshitada Minami. Matarsa Fumiko ce ta yi ta dafa shinkafa tana auna zafi, cikin sanyi da cikin zafi, har aka gano lokacin da ya kamata wuta ta mutu. Mace ce mai girki ta yi gwajin, wannan ya dace a faɗa. Amma a riƙe wani abu: Japanawa farar shinkafa mai danƙo suke ci, ba gumi irin namu ba. Za mu dawo kan wannan idan mun shiga kicin.

Yanzu sai kasuwa. Maigida, nan ne wurinka.

Kafin ka tambayi kuɗi, kafin ka duba launi, juya tukunyar. A gindinta ko a bayanta akwai 'yar takarda a manne. Nemi lambar da harafin V ke biye da ita. Wannan shi ne ƙarfin wutar da aka yi ta dominsa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tsakanin 220 ne da 240. Wutar Amurka 120 ce. Ta Japan 100 ce. Idan ka ga 220 zuwa 240, to tamu ce. Idan ka ga 100, ko 110, ko 120, ajiye ta, komai kyanta, komai arharta. Wannan ya fi shafar masu sayen na hannu, da waɗanda 'yan'uwa ke aiko musu da tsaraba daga waje. Sa tukunyar 110 a wutarmu tamkar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Nan take za ta ƙone, wani lokacin har da hayaƙi. Ina maimaitawa: 220 zuwa 240.

A wannan takarda dai, nemi lamba ta biyu, wadda harafin W ke biye da ita. Wannan wat ne, wato yawan wutar da take ja. Ƙanana suna jan kimanin 300 zuwa 400. Matsakaiciya, mai lita 1.8, tana jan kimanin 700. Manya sukan kai 1,000 ko su wuce.

Me ya sa wannan lamba take da muhimmanci? Saboda ba kullum ake da wutar nefa ba. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da fanka da talabijin, ƙarfinsa na gaskiya bai fi wat 650 zuwa 800 ba. Idan ka jona masa tukunya mai wat 700, ga fanka, ga talabijin, za ka ji kukansa ya sauya, ko ya mutu gaba ɗaya. Mai sola da batir ma ya lura. Duk abin da ke haifar da zafi yana shanye batir da sauri. Idan da sola za a dafa, a dafa da rana tsaka, lokacin da farantan ke samun rana sosai, kuma a tabbata injin sola ɗin ya fi ƙarfin tukunyar.

Wani zai ce, to ai za ta cinye mini kati a mita. Mu yi lissafi tare. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Tukunya mai wat 700, idan ta yi minti 40 tana dafawa, ba ta kai rabin yunit ba. Duba nawa kake sayen yunit a unguwarku, ka raba biyu. Sai ka gwada da kuɗin gas ko gawayin da zai dafa wannan shinkafar. Lissafin naka ne, don kuɗin wuta ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Ga kuma ribar da ba ta shiga lissafin mita: babu hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Sai girma. A nan ake yawan ruɗa mutane. Idan an ce tukunya mai kofi 10, ba kofin shayi ake nufi ba. Ɗan kofin roba ne da ke zuwa tare da ita, mai cin mililita 180. Kofi 10 shi ne lita 1.8, kimanin kilo ɗaya da rabi na shinkafar da ba a dafa ba. Mai lita 1 tana ɗaukar kofi biyar da rabi. A irin cinmu, ka ƙaddara kofi ɗaya ga babban mutum ɗaya. Amarya da ango, ko ɗalibi, ko gwauro, ƙarama ta ishe su. Gida mai mutum shida zuwa takwas, mai lita 1.8. Gidan da ake auna kwano biyu a rana ɗaya kuwa, gaskiya wannan ba tukunyarku ba ce, sai dai don abincin maigida ko na baƙo. Kuma kada a sayi ƙatuwa don burga, a riƙa dafa kofi ɗaya a ciki. Shinkafa kaɗan a faffaɗar tukunya bushewa take yi, ta kama.

Za ka tarar da iri-iri. Akwai mai madanni ɗaya, da murfin gilashi ko na ƙarfe da ake ɗagewa. Akwai mai madanni ɗaya amma murfinta a haɗe yake, yana rufuwa gam, ta fi riƙe zafi. Akwai kuma mai kwamfuta, mai allon lambobi, wadda ake saita wa lokaci, tana da tsari daban na kowace irin shinkafa. Wannan ta ƙarshe ta fi iya girki, babu musu. Amma a irin wutarmu, da ake ɗaukewa a kawo, ta yi sama ta yi ƙasa, ni dai shawarata mai madanni ɗaya. Idan an ɗauke wuta tana cikin aiki, madanninta yana nan a danne, ana kawowa ta ci gaba. Idan ta lalace, mai gyaran dutsen guga na bakin titi zai iya duba ta. Mai kwamfuta kuwa, idan allonta ya ƙone, sau da yawa shi ke nan.

Kafin ka biya, ciro tukunyar ciki ka ɗaga ta. Mai kauri da nauyi ta fi raba zafi daidai. Mai shara-shara ba ta da wuyar lotsewa, kuma idan gindinta ya lotse ba za ta zauna daidai a kan faranti ba. Shafa cikinta, kada a ba ka wadda rufinta ya fara ɓarewa. Duba wayar, ta zama mai kauri. A Najeriya, fulogi mai ƙafa uku ya fi, don ƙafa ta ukun ita ce ke kare mutum daga jan wuta idan waya ta taɓa jikin ƙarfe. Ka ce a jona ta a gabanka. Ka karɓi rasit. Ka tabbata kofin awo da cokalin roba suna cikin kwali.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan tukunyar shinkafa ta lantarki. Mun baro kasuwa, yanzu mun shigo kicin. Uwargida, bismillah.

Wurin ajiya tukuna. A kan tebur ko kanta, wuri busasshe, ba a ƙasa ba inda yaro mai rarrafe zai kai. Kada waya ta yi reto, yaro ya ja. A jona ta kai tsaye a soket na bango. 'Yar wayar ƙari mai arha, wadda aka jera wa cajar waya da fanka, ba lalle ta ɗauki wat 700 ba. Za ta iya yin zafi, ta narke, kuma daga nan gobara ke tashi.

Sai shinkafa. Ki auna da kofin tukunyar. Idan ya ɓace, gwangwanin madara zai yi, da sharaɗin abin da kika auna shinkafa da shi, da shi za ki auna ruwa. Ki wanke ta a roba daban. Idan 'yar gida ce, ki rege ta sosai. Tsakuwa ba haƙori kaɗai take ɓatawa ba, tana kankare rufin tukunya. Wankin kuma yana rage garin da ke sa kumfa ya yi ambaliya ta bakin murfi.

Yanzu ga babbar magana, ruwa. A cikin tukunyar akwai layuka da lambobi. Ma'anarsu ita ce: idan kin zuba kofi 4 na shinkafa, sai ki zuba ruwa a kanta har ya kai layi na 4. Shinkafa tukuna, sannan ruwa. Amma ku tuna abin da muka ce game da Japan. Layukan nan an yi su ne don farar shinkafar da ba a turara ba. Shinkafar da muka fi ci, ko ta Kabi ce, ko ta Kura, ko ta buhun kamfani, gumi ce. An jiƙa ta, an turara ta da ɓawonta, an shanya, sannan aka cashe ta. Wannan ya sa ƙwayarta ta yi tauri. Tana son ruwa da yawa, tana son lokaci. Idan kika bi layi da ita, tukunya za ta tsaya shinkafa ba ta nuna ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka yi fushi da tukunyar.

To ga inda za ki fara. Gumi: kofi ɗaya na shinkafa, kofi biyu na ruwa. Farar shinkafa da basmati: kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya da rabi. Na ce inda za ki fara, domin shinkafa ba ɗaya ba ce. Sabuwar girbi ba ta shan ruwa kamar wadda ta daɗe a rumbu. Ki gwada. Idan ta yi tauri, gobe ki ƙara ruwa kaɗan. Idan ta caɓe, ki rage. Da kin samu daidai, ki riƙe wannan awo har buhun ya ƙare. Sabon buhu, sabon gwaji. Kuma da gumi kada ki cika tukunya har layin ƙarshe, ki bar mata wurin kumbura.

Kafin ki mayar da tukunyar ciki, goge bayanta da tsumma, ta bushe sarai. Duba farantin, kada a samu ƙwayar shinkafa ko ɗigon miya a kai. Ƙwaya ɗaya tak za ta hana gindin tukunya haɗuwa da faranti, sai girki ya lalace. Ki ajiye ta, ki ɗan juya ta dama da hagu ta zauna. Ki rufe, ki danna. Ki tabbata fitilar dafawa ce ta kama. Ana mantawa da wannan, a dawo bayan awa ɗaya a tarar da shinkafa kwance cikin ruwan ɗumi.

Daga nan ki ƙyale ta. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙe. Duk buɗewa tururi ne ke fita, tururin kuwa ruwa ne, kin rage awonki ke nan. Kada ki rufe ramin tururi da tsumma. Kada a kai fuska ko hannu wurin, ƙunar tururi ba wasa ba ce.

Idan kin ji ƙas, kada ki yi gaggawa. Ki bar ta a rufe minti 10 zuwa 15, ta ƙarasa turaruwa. Sannan ki buɗe, ki juya da cokalin roba ko na katako, za ki ga ta yi wara-wara. Ban da cokalin ƙarfe. Idan kin tarar ba ta gama nuna ba, yayyafa ruwa kamar rabin kofi, ki rufe, ki sake dannawa. Idan madanni ya ƙi zama, ki jira ta ɗan huce. Kada ki tokare shi da ashana ko ki ɗaure shi. Wanda ya tokare madanni ya cire abin da ke hana gobara.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa fa? Kada ki buɗe. Idan ruwa ya kusa tsotsewa, zafin da ke ciki zai iya ƙarasa ta. Idan da saura sosai, kuma wuta ba ta da niyyar dawowa, juye a tukunyar gargajiya ki ƙarasa a kan gas ko gawayi. Juyewa za ki yi. Tukunyar ciki ba a ɗora ta a kan wuta, gindinta zai lanƙwashe.

Na san tambayar da ke bakin wasu: tana dafa-duka? Tana yi. Sai dai tumatir yana kwanciya a gindi ya kama, zafi ya hau, madanni ya tashi kafin lokaci. Don haka ki soya kayan miyanki daban, ki tsaida ruwa, ki juye a kan shinkafa, ki gauraya sosai, sannan ki danna. Wake da shinkafa kuma, wake ya fara dahuwa daban har ya kusa nuna, sannan a haɗa. Shinkafar tuwo, ki cika mata ruwa ta yi luguf, amma tuƙin a wata tukunya za a yi, muciya da wannan tukunya ba sa shiri. Idan taki ta zo da ɗan kwando mai huji-huji, wannan na turara ne. Ƙwai, dankali, karas, kabeji, har alala.

Wanki ba shi da wuya. Zare fulogi, ta huce. Tukunyar ciki da murfi kaɗai ake wankewa, da soso mai laushi. Ban da soson ƙarfe, ban da toka, ban da yashi. Idan ƙanzo ya kama, jiƙa shi, zai saki da kansa. Gangar jikin kuwa ba ta shiga ruwa ko kusa, tsumma mai ɗanshi ya ishe ta. Idan wata rana ta ƙi kamawa gaba ɗaya, sau da yawa ɗan fis ɗin da ke cikinta ne ya ƙone saboda zafi. A sa mai gyara ya sauya shi da irinsa. Kada a yarda ya haɗe wurin da waya.

Saura magana ɗaya, kuma ta lafiya ce, a saurara da kyau. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus. Dahuwa ba ta kashe irinta duka. Idan dafaffiyar shinkafa ta huce, ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo, ta yaɗu, ta zuba guba. Gubar nan tana sa amai da gudawa, kuma sake ɗumama abincin ba lalle ya lalata ta ba. Ɓangaren ɗumamawa na tukunyar yana riƙe shinkafa a zafin da ya haura digiri 60, inda ƙwayar ba ta iya yaɗuwa. Amma fa sai da wuta. Idan an ɗauke wuta, ɗumamawa ta tsaya, ko da murfi a rufe yake. Shinkafar da aka dafa da safe, aka ɗauke wuta da hantsi, ta wuni a tukunya cikin zafin bazara, ba abin ba yara ba ce da dare. Ko da akwai wutar ma, kada ta kwana a ciki.

Don haka a dafa daidai ci. Abin da ya rage, a baza shi a faranti ya huce da wuri, a sa a firij cikin awa ɗaya zuwa biyu, a cinye washegari. Idan za a ɗumama, ya yi zafi sosai har ciki, kuma sau ɗaya kawai. Gidan da babu firij, a ba maƙwabta ko almajiri tun abincin yana da zafinsa, kada a jira sai ya sauya.

Masu sauraro, lokaci ya cimma mana. Wadda ta ji wannan shiri, don Allah ta isar wa maƙwabciyarta batun shinkafar da ta wuni babu wuta.